Abin da na koya game da wutar itace in iska ta taso

Ni aikina girkin biki, tare nake da wata Hajiya da ta daɗe a harkar nan cikin Kano, ita ce uwar ɗakina, kuma kusan duk girkin da muke yi da itace ne a waje, don manyan tukwanen dalma ba a kan gas ake ɗora su ba, balle yanzu da kuɗin gas ya zama abin da ya zama. Toh daga Nuwamba zuwa Fabrairu bukukuwa ga su nan, hunturu ma ga shi nan, dole ki san yadda za ki yi da iska.

Mutane da yawa gani suke in iska na kaɗawa wuta na ci bal-bal ai girki zai yi sauri. Wallahi ba haka abin yake ba. Iskar kwantar da harshen wutar take yi ta fitar da shi ta gefe, gindin tukunya bai samu komai ba, itace kuma sai cinyewa yake kamar ana kwasa, a ƙarshe ki buɗe dafa-duka ki tarar gefe ɗaya ya kama har yana ƙauri ɗaya gefen kuma shinkafar da sauranta. Duk sabuwar yarinyar da ta zo abin da take fara yi ƙara itace, Hajiya ta ce mata "ke 'yar nan, janye min icen nan, iskar za ki tare tukuna."

Kafin ma a kunna ashana ake fara wannan aikin. Hajiya kan ɗebi toka kaɗan ta saki ta ga inda ta nufa. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take zuwa, amma a cikin lungu ko tsakar gida katangu na juya ta, shi ya sa kowane gida sai an gwada. Murhu mai duwatsu uku ƙofa uku gare shi, sai mu toshe biyun da ke fuskantar iska da bulo ko guntun langa-langa a danne shi da dutse, a bar guda ɗaya ta bayan iska ta nan ake tura itace. In ƙasa ce ba siminti ba, mukan ɗan tona rami kamar taƙi ɗaya don wutar ta zauna ƙasa, tukunya ma ta sauko kusa da ita. Amma fa kar a toshe ruf, a bar 'yar kafa ta ƙasa, don in wuta ba ta shaƙi iska ba hayaƙi kawai za ta yi ta yi, ido na hawaye, miya ta ɗau warin hayaƙi. Kuma don Allah a daina karewa da tabarma ko buhu, tartsatsi ɗaya ya ishe su.

Sai itacen kansa. Ranar iska ba ranar kara da ƙirare ba ce, su na kunnawa ne kawai, tashi suke da wuta a jikinsu su faɗa inda ba a zata ba. Itace mai nauyi irin su marke da ƙirya shi ake so, faskare manya guda uku ko huɗu, ya ci a hankali ya tara garwashi. Garwashin nan shi ne ke dafa abinci a irin wannan rana, iska ba ta iya kwashe zafinsa yadda take kwashe harshen wuta. Ruwan shinkafa na fara tsotsewa mu zare itacen gaba ɗaya mu baza garwashi daidai faɗin gindin tukunya, mutum biyu su kama da tsumma su ɗan juya ta lokaci-lokaci.

Wurin suya ne na fi jin tsoro gaskiya. Iska na iya ɗago wuta ta lashi bakin kasko mai ya kama, kuma in ya kama ba a watsa ruwa, fallatsa zai yi ya ƙone na kusa, babban murfi ake kifawa a zare itace. Shi ya sa kullum akwai murfi da bokitin yashi kusa da mai suya. Hijabi da mayafi kuwa Hajiya ba ta yarda a tsaya da su gaban murhu, a ɗaura zani tamau a ɗaure kai, don yadin roba in ya kama narkewa yake ya manne a fata.

Iskar hadari ta farkon damina ita daban ce, daga gabas take tasowa lokaci guda da jar ƙura, wannan ba a jayayya da ita. Muna ganin gabas ta haɗe za mu zare itace mu tsoma bakinsa a ruwa, a rufe tukwane a ɗora dutse kan murfi, a jira ta wuce. Wasu kan ce a kwashi garwashi a shiga ɗaki da shi a ƙarasa, mu ba ma yi, garwashi a rufaffen ɗaki yana kashe mutane ba tare da sun ma farga ba.

In an sauke tukunyar ƙarshe kowa ya gaji so yake ya tafi, to a nan ne Hajiya ta fi tsanani. Toka takan rufe garwashi ki ɗauka ya mutu, cikin dare iska ta yaye tokar ta hura shi, ga rumfa ga kujerun roba ga ragowar itace a gefe. Sai mun tone tokar da sanda mun yayyafa ruwa har ta daina ƙara, sannan ita da kanta ta kara bayan hannunta a kai ta ji babu ɗumi, kafin ta ba kowa kuɗin mota.