Firji ba ya mutuwa gaba ɗaya

A kan amalanken shanu aka kawo mini shi, kwance bisa buhunan dusa, an ɗaure shi tamau da igiya kamar ragon da za a kai kasuwar Gujungu. Firji ne irin mai ƙofa biyu gefe da gefe, ya fi ni tsawo, da ɗan gilashi a gaba mai nuna lambar sanyi. Ɗan gidan da ke aiki a Abuja ne ya saya wa mahaifiyarsa, bai daɗe da wuce shekara ba ya ɗauke ɗif. An kira wani a can ƙauyen ya duba, ya ce kwamfireso, wato injin da ke tura gas ɗin sanyi, ya ƙone, sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Har an yi ciniki. Hajiya ce ta ce atafau, abin da ɗanta ya saya mata ba za a ɗora shi a sikeli ba sai mai gyaran Ringim, wato ni, ya gani da idonsa.

Na sa yara suka tsayar da shi a jikin bango, na ce wa jikan Hajiya da ya kawo shi ya dawo gobe.

"Baba, ba za ka jona mu gani ba?"

"Yaro, awa nawa kuka yi da shi a kwance? Man da ke cikin kwamfireson ya gangara cikin bututu. In na jona yanzu, ko lafiyarsa ƙalau ni zan kashe shi. Bar shi ya kwana a tsaye."

Washegari na kwance bayansa na ɗora mita a kan ƙafafu ukun kwamfireson. Irin na inbata ne, mai sauya gudu gwargwadon sanyin da ake buƙata, shi kuwa in yana da rai duk biyun da ka auna lamba ɗaya za su ba ka. Haka kuwa suka ba ni. Sai na buɗe akwatin fanel, ƙwaƙwalwar firjin ke nan. Ga tsaka nan a bushe ƙayau, ta miƙe a kan layin wuta, kanta a gefe guda jelarta a ɗaya gefen. Ɗumi ta bi ta shiga, ta haɗa wuta da jikinta. Fis ya tsinke, layi guda ya ƙone, da wani ɗan ƙaramin abu mai kama da kwabo da ke tare wuta idan ta yi yawa. Na kankare, na ɗinke layin da dalma, na canza biyun. Duk abin da na saka bai kai kuɗin kwanon shinkafa ba. Kafin la'asar ruwan da na sa a ciki ya fara ƙanƙara.

Na fara da wannan ne don shi ne aikina a dunƙule. Kaya mai tsada ba kasafai yake mutuwa duka ba. Wani ɗan abu ne a cikinsa ke mutuwa, sauran jikin na nan garau, kuma wanda bai iya nemo ɗan abin ba shi ne mai saurin cewa a sayi sabo.

A Sabon Garin Kano na koyi sana'ar, wajen wani maigidana da ya yi shekaru yana gyaran firji tun lokacin gas ɗin R12, wanda aka daina saboda yana lalata rufin ozon na sararin sama. Firjin wancan zamani jaki ne. Tamostat mai auna sanyi, rile mai tayar da kwamfireso, sai kwamfireson kansa, shi ke nan. Wuta ta yi ƙasa ya yi gurnani ya jure. Da na dawo gida na buɗe shago, abokai sun yi mini dariya, wai wa ke da firji a karkara. Ba su lura da kayan ɗaki ba. Yau da wuya a kai amaryar gidan masu hali babu firji ko firiza, ga 'yan kasuwar da ke zuwa Legas da alhazan da ke da 'ya'ya a birni. Ga kuma matan da ke sana'ar ƙanƙara, zoɓo, kunun aya da fura da yogot, waɗanda firizarsu ita ce gonarsu.

Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi har dala ta haura 1,500 a farkon 2024, aikin ya sauya fuska. Mutumin da a da zai ce a jefar a sayo wani, yanzu in ya ji farashin sabo a Kano sai ya dawo yana tambayar ina mai gyara. Har kayan da suka shekara a zaure ana ɗora musu tabarmi aka riƙa kakkaɓowa.

Abin da ya fi kashe manyan kaya a wajenmu wuta ce. An ƙera su don wuta mai ƙarfin 220 zuwa 240, mu kuwa a ƙarshen layi muke, wani lokaci ka auna ka ga abin da ko ƙwan fitila da ƙyar yake riƙewa, can kuma ta dawo da ƙarfinta gaba ɗaya. Sai ƙaramin janareto da ake jona wa firji da dutsen guga lokaci guda. Fanel ba ya son wannan wasan. Kullum ina faɗa, wanda ya iya sayen firjin miliyan bai kamata sitabilaiza ta gagare shi ba, irin mai jinkirta wuta na 'yan mintuna kafin ta saki. Amma mutanenmu sun fi yarda su biya kuɗin gyara sau uku. Akwai kuma 'yan kwatano da ake shigowa da su daga Amurka, waɗanda wutarsu 110 zuwa 120 ce. Mutum ya saya bai sani ba, ya soka a bango kai tsaye, sai hayaƙi. Irin waɗannan sai da taransifoma mai rage wuta.

Bayan wuta sai ƙura da ɓera. In hunturu ya wuce ka buɗe bayan firji, za ka tarar da ƙura ta yi wa bututun da ke fitar da zafi bargo, kwamfireso na ta aiki ba hutu. Buroshi da minti goma sun isa, amma ba mai yi.

Sai wuƙa. Wannan kam ta ci firiza ba adadi. Ƙanƙara ta taru, uwar gida na sauri, ta ɗauko wuƙa tana sara, sai ka ji fusss, ta huda bututu. Abin da nake roƙo shi ne a kashe nan take, domin in aka bar shi yana aiki zai zuƙi ruwa ya kai cikin kwamfireso, gyaran awa guda ya koma na kwana uku. Kuma yawancin sabbin nan gas ɗin R600a ke cikinsu, ɗan'uwan gas ɗin girki ne, yana kamawa da wuta. Ba a kusantar da wutar walda sai an fitar da shi sarai a fili mai iska. Ba a kuma cika shi da ka, awo ake yi, giram ɗin da aka rubuta a jikin takardar firjin. Na sha karɓar aikin da wani ya ɗura R134a a inda ake sa R600a, wai ai duk gas ne. Ba ɗaya ba ne, ko man da suke tafiya da shi daban.

Ni ma na taɓa shan ƙasa. Na sayo tulun gas mai araha a Kano, fentinsa da rubutunsa kamar na gaske, na cika wa mutum uku. Cikin wata guda duk suka dawo. Biyu na wanke na sake cikawa, na ukun kwamfireso na saya masa daga aljihuna. Maigidana da na ba shi labari cewa kawai ya yi, araha ba ta ado. Tun ranar wuri ɗaya nake sayen gas, ko da ya fi tsada.

Injin wanki ba shi da yawa a nan, kuma matsalarsa kusan guda ce: ruwan rijiya ko na burtsatse mai yashi ya toshe 'yar rariyar da ke bakin tiyo, injin ya tsaya yana nuna lamba, a ce ya lalace. Wani kuma tankin gidan ne bai yi tsawon da zai turo ruwa da ƙarfi ba. Na taɓa ciro fil ɗin ɗankwali da maɓallai huɗu daga famfon wani.

Ba kowane nake karɓa ba. Idan yoyon gas yana can cikin bangon firji, inda soso ya rufe bututu, gaskiya nake faɗa wa mai shi. A firiza ana iya zagaya sabon bututun jan ƙarfe a ciki ta ci gaba da aiki, kodayake kyanta ya ragu. A babban firji mai fanka kuwa sau da yawa asarar kuɗi ce. Haka in fanel ya ƙone ƙurmus kuma ba irinsa a Kano, sai an aika Alaba a Legas, a jira mako biyu ko uku, wataƙila ma a kawo wanda bai dace ba. Akwai masu cire fanel ɗin su sa kwamfireso na gargajiya. Yana yi, na yi wa wasu da suka nace, amma sai na gaya musu cewa firjin ya tashi daga mai cin wuta kaɗan, in a kan sola suke batirinsu zai ji a jikinsa. Waɗanda suka gagara nakan saya, in cire fanka da rile da robar ƙofa in adana. Rabin shagona maƙabartar firji ce, daga nan nake rayar da wasu.

Wahalar sana'ar ba a gyaran take ba, a karɓar kuɗi take. Mutum ya ga abin da ka canza bai kai ƙwayar gyaɗa ba, sai ya ce, "Haba Malam, ɗan wannan?" Ba ya lissafa shekarun da aka yi kafin a san inda ɗan wannan yake. Ga bashi, sai an sayar da riɗi, sai an girbe shinkafa. Yara uku nake koya wa, kuma abin da na fi fama da su a kai shi ne su auna kafin su kwance. Hannunsu na ƙaiƙayin cewa kwamfireso ne, don nan kuɗin yake.

Firjin Hajiya kuwa, da za a mayar na hana amalanke, na sa aka nemo a-kori-kura aka ɗaure shi a tsaye. Na bi su har gida, na toshe ramukan akwatin fanel da ragar sauro, na janye shi taƙi guda daga bango. Ta leƙo daga ɗaki ta ce, "Ɗan nan, me ya same shi ne?" Na ciro tsakar daga aljihu a ƙunshe cikin takarda na nuna mata. Ta yi salati, ta ce a kai wa wanda ya ce a sayar wa 'yan gwangwan. Da azumi ya kama sai ga jikan nata a kan babur da kular ƙanƙara da jarkar kunun aya, ya ce in ji Hajiya a sha ruwa, kuma wai fankar ɗakinta ma ta fara ƙara.