Fitilar UV da na ɗaura wa esin gidana a Houston

Uwargida ce ta fara jin warin. Duk lokacin da esi ya tashi sai ta ce, "Malam, wai ba ka jin gidan nan na warin tsumman da aka manta a bokiti?" Ni dai da farko ban ji komai ba, sai da muka yi tafiyar kwana uku muka dawo, ina buɗe ƙofa warin ya tarye ni.

Wanda bai san gidajen Amurka ba, ba irin esin da muke maƙalawa a bango a Kano ba ne. Inji ɗaya ne ke sanyaya gida duka da bazara, ya kuma ɗumama shi lokacin sanyi, yana tura iska ta manyan bututu zuwa kowane ɗaki. Namu a cikin silin yake. Houston kuwa gari ne mai laima, ga Tekun Meziko a kusa, rabin shekara mutum na tafiya kamar an rufa masa jiƙaƙƙen bargo. Kwayil ɗin, wato lanƙwasassun bututun ƙarfe da ke sanyaya iskar a cikin injin, kullum cikin gumi yake, yana ɗiga a wani faranti da ke ƙarƙashinsa. Duhu da ruwa da ɗan ƙura, ai fumfuna ta samu gidan zama.

Mai gyaran da na kira ya buɗe murfin ya haska min da tocila. Baƙi-baƙi ne a jikin kwayil ɗin, farantin kuma ya yi yauƙi. Ya wanke, sannan ya fara tallan fitilar UV, wato mai fitar da hasken ultraviolet, irin wanda ke cikin hasken rana yana ƙona fata: wai za ta kashe ƙwayoyin cuta, ta raba mu da mura, ta sauƙaƙa wa ɗiyata asmarta. Kuɗin da ya yanka ne ya sa na ce ya bari in yi shawara. Daga baya na sayi tawa a intanet da kuɗin da bai kai rabin nasa ba, na ce ai ramin sukuru biyu ne da waya.

Abin ba ƙarya ba ne daga tushe. Nau'in hasken UV da waɗannan fitilu ke fitarwa, wanda ake kira UV-C, mai tsawon zango nanomita 254, yana lalata ƙwayar halittar bakteriya da fumfuna ta yadda ba za su iya hayayyafa ba. Tun a shekarun 1930 wani injiniya, William Wells, ya rataya irinsu a saman azuzuwan wasu makarantu a yankin Filadelfiya don rage yaɗuwar ƙyanda tsakanin yara. Asibitocin tarin fuka ma sun daɗe suna amfani da su. Wannan ne ya ƙara min ƙwarin gwiwa.

Ranar wata Asabar bayan asuba na hau silin, don idan rana ta ɗaga wurin kan koma tanda. Na kashe wuta, na huda ƙarfen akwatin daidai saitin kwayil, na zura ƙwan fitilar, na haɗa ta da ƙaramin taransifoma mai bolt 24. Sai zumuɗi ya ɗebe ni. Na mayar da wuta alhali murfin yana buɗe, na tsaya ina kallon wani shuɗin haske mai ban sha'awa, har na kira babban ɗana ya zo ya gani. Allah ya taimaka yana barci bai taso ba. Ban fi minti biyu ina leƙe ba, ban kuma ji komai ba.

Sai da dare abin ya zo. Na farka kamar an watsa min yashi a ido, hawaye na zuba, ko hasken waya ba na iya kallo. Duk wanda ya taɓa tsayawa kallon masu walda ya san wannan azabar, ciwo ɗaya ne. Likita ta ce saman ƙwayar idon ne ya ƙone, zai warke da kansa cikin kwana ɗaya zuwa biyu, haka kuwa aka yi. Uwargida ba ta ce komai ba sai da na warke, sannan ta tambaye ni ko kuɗin asibitin na cikin rangwamen da na samu.

To, fitilar ta yi aiki? Wari dai bai dawo ba. Bayan wata shida na kashe ta (wannan karon na kashe ɗin), na buɗe, na tarar da gefen kwayil ɗin da hasken ke duka fes. Amma can lungun da ke cikin inuwa baƙin ya fara tsirowa. Inda hasken bai kai ba, babu abin da ya taɓa.

Maganar tsabtace iska kuwa, nan ne tallan ya wuce gona da iri. Fumfunar da ke manne a kwayil tana shan hasken dare da rana, dole ta mutu. Ita kuwa iskar cikin bututu gudu take yi, kusan mita biyu da rabi a daƙiƙa, ƙwayar cutar da ke cikinta kan gifta fitilar kafin ƙiftawar ido. Ƙwai ɗaya ba ya isa ya yi mata illa a wannan ɗan lokacin. Hukumar kare muhalli ta Amurka, EPA, ita ma ta ce irin fitilun da ake sa wa a gidaje tasirinsu taƙaitacce ne a kan bakteriya da 'ya'yan fumfuna da ke yawo a iska. Ƙura kuwa, da garin furanni da ke tayar wa ɗiyata da asma duk watan Maris, haske bai san da su ba. Abin da ya kawo mata sauƙi shi ne canza matatar iska zuwa mai lamba MERV 13 (lambar da ke nuna ƙarfin matata wajen kama ƙananan ƙura), da daina mantawa da ita har ta toshe. Sai da na tambaya ko injin namu zai iya jan iska ta cikinta, don wasu tsofaffin injina wahala suke sha da matata mai ƙananan ramuka irin wannan.

Akwai ƙananan abubuwan da kwalin bai faɗa da babbar murya ba. Hasken na cin roba: wata waya da ke kusa da ƙwan ta fara tsagewa, sai da na naɗe ta da salatif ɗin alminiyam. Wasu fitilun kuma suna fitar da iskar ozon, wadda ke fusata huhu, gara mutum ya tabbatar an rubuta ba ta fitarwa, musamman gidan da ke da mai asma. Sannan ƙwan kansa kimanin awa 9,000 yake yi da ƙarfinsa, shekara guda ke nan da 'yan kwanaki. Bayan haka zai ci gaba da shuɗin haskensa kamar lafiya lau, alhali ƙarfin kashe ƙwayoyin ya ja baya. Shi ya sa na rubuta ranar da na saka shi da alƙalamin maka a jikin akwatin.

Ƙanena da ke Kano ya ji labari ya ce in aiko masa da ɗaya ya sa a esin falonsa saboda hazon hunturu. Na ce masa ƙura ce damuwarsa, ya riƙa zare ragar esin yana wankewa duk sati biyu, ya kuma toshe ƙasan ƙofa. Esin bango ma kusan duk roba ne, ga fuskar a buɗe tana kallon mutanen da ke zaune. Bai ji daɗi ba, ya ɗauka rowa ce.

Tsohon ƙwan da na cire yana nan a gareji cikin kwalinsa. Akwai zaiba a ciki, ba a jefa shi a shara, sai na samu ranar da zan kai shi inda ake karɓar irin waɗannan kaya.