Dayosis ɗin Kebbi: taswira daban, hanya daban

Mutane da yawa ko a cikin mu masu zuwa coci ba su san cewa iyakar dayosis ɗin Angilikan, wato yankin da bishop ɗaya ke riƙe da shi, a wannan yanki namu na Kebbi kusan duk bin iyakar gwamnati take yi ba, duk inda soja suka yanka jiha sai coci ta biyo baya ta yanka nata. A da can Arewa gaba ɗaya bishop ɗaya ne, tun 1954 da aka kafa dayosis ɗin Arewa aka ba wani bature John Mort, kai ka yi tunani mutum ɗaya daga Kaduna har Barno har Sakkwato. A 1990 kuma zamanin Akbishop Joseph Adetiloye aka buɗe sababbin dayosis na bishara a Arewa, irin su Katsina da Minna da Bauchi da Yola da Maiduguri, Sakkwato na ciki, kuma lokacin nan Sakkwato ta haɗa da mu da Zamfara duka. Wanda ya fara riƙe ta shi ne Josiah Idowu-Fearon, mutumin Kogi ne, ya yi karatun addinin Musulunci sosai a Ingila, daga baya ya koma Kaduna, a 2015 kuma ya zama babban sakataren Angilikan na duniya baki ɗaya. Tsofaffi har yanzu in aka ambace shi sai ka ga suna gyara zama.

To Kebbi ta samu jiha a 1991, Zamfara a 1996, ba a daɗe ba kowacce ta samu bishop nata, ɗaya a Birnin Kebbi ɗaya a Gusau. Namu Edmund Akanya ya daɗe a kujerar har ya riƙe Akbishop na lardin Kaduna, lardin da ya haɗa mu da Kano da Zariya da Wusasa da Dutse da sauran su. A Gusau kuma sunan da aka fi ji shi ne John Danbinta, kuma riƙe coci a jihar da ta fara ƙaddamar da shari'a a 1999 aiki ne mai son haƙuri da iya magana da sarakuna.

Tsarin a takarda ba wuya. Bishop a sama, ƙasansa akdikin, wato manyan rabaran, kowanne da yankinsa, sai rabaran mai riƙe da ikilisiya, sai katikis, malamin coci da ba a naɗa shi rabaran ba, a ƙauye, shekara shekara a yi taron sinod, babban taron dayosis, a karanta rahoto a yi gardamar kuɗi. Amma takarda ba ta nuna maka hanya. Jihar nan ƙananan hukumomi 21 ne, masarautu huɗu, Gwandu da Argungu da Yauri da Zuru, kuma hedikwata tana can sama a Birnin Kebbi alhali yawancin Kiristoci 'yan ƙasa suna can kudu wajen Zuru da Yauri. In za ka tashi daga Birnin Kebbi sai ka bi Jega ka kai Koko sannan ka karya ta Mahuta ka nufi Dabai, wanda ya bi wannan hanya da damina ya san abin da nake faɗi, ƙugu ke biyan kuɗin. Yanzu kuma ga matsalar 'yan bindiga a Danko-Wasagu da Sakaba, akwai ƙauyukan da mutanensu suka watse suka dawo cikin gari, cocin na nan a lissafin dayosis amma ranar Lahadi babu mai buga ƙararrawa.

Kuma gaskiya coci biyu ne a cikin riga ɗaya. Na cikin gari asalinsa baƙi ne, Yarbawa da Ibo, ma'aikata da 'yan kasuwa, a Gusau ma jirgin ƙasa ne ya kawo su bayan layin dogo ya kai Ƙaura Namoda a 1929, lokacin cinikin gyaɗa da auduga. Su ke da baiko mai nauyi, su ke da janareta da kibod. Na ƙauye kuma Dakarkari da Kambari da Dukkawa ne, sujada da Hausa, waƙa da ganga da tafi, baiko wani lokaci dawa ce a kwano ko kaza an ɗaure mata ƙafa. A ƙasar Zuru ma Angilikan ba ita ce babba ba, cocin UMCA da Katolika da ECWA sun fi ta kafa a wurare da dama, ni ban ga abin ɓoyewa a nan ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne in an zo tarihi sai a jero bishop bishop, a fara daga Ajayi Crowther da aka naɗa a 1864, a zo kan Bishop Tugwell da tawagarsa da Sarkin Kano ya sallama a 1900, a zo kan Likita Miller na Zariya da aikin fassarar Littafi Mai Tsarki da ya fito da Hausa a 1932, duk daidai ne ba na musu. Amma wa ya riƙe cocin ƙauyenmu? Katikis ne. Ba shi da ikon ba da jibin Ubangiji, sai ya jira rabaran ya zagayo, wani lokaci wata da watanni, amma shi ke karatu, shi ke wa'azi, shi ke koya wa yara katikizim a gindin mangwaro, shi ake tasowa tsakar dare in wani ya rasu. Namu na tuna littafin addu'arsa a cikin leda yake ɗaure da roba saboda ruwa, a bayan keke, daga baya ne aka haɗa masa kuɗin babur, kuma albashinsa sai ya yi noma ya cika.

Ranar da bishop zai zo tabbatarwa kuwa gari ya ɗauka, zumuntar mata sun ci anko, an dafa shinkafa, an aro kujerun roba daga firamare, yaran da katikis ya yi shekara yana fama da su sun jeru da fararen kaya bishop na ɗora musu hannu ɗaya bayan ɗaya. Za a ɗauki hoto, a hoton katikis yana can gefe yana korar yara kada su taɓa mota.

Ni da za a ji tawa, a sinod mai zuwa a sa kowane akdikin ya zaga ya rubuto sunayen katikis da suka yi aiki a yankinsa, da ƙauyen da shekarun, tun tsofaffin da suka san su suna da rai, ko littafin rajistar baftisma aka buɗe ai za a samu wasu sunaye a ciki in gara ba ta riga mu ba.