Attaruhun Inna da sanyin watan Mayu

Shekarata ta farko a Hanover ta ƙasar Jamus, rana ta buɗe a tsakiyar Afrilu, mutane suka ajiye rigunan sanyi, ni kuma na ɗauka hunturunsu ya tafi ke nan. Na kwashe 'yan tsirona daga bakin taga na jera a baranda: tumatir, kuɓewa, da attaruhun da Inna ta ƙulle min irinsa a ƙyalle ranar da zan baro Zariya. Mako guda suna ta sheƙi. Wata asuba na leƙa, sai ga ganye ya yi baƙi ya langaɓe, kamar an kwara masa tafasasshen ruwa. Nan na tsuguna na yi kuka, don rabin irin ke nan ya tafi.

Dattijuwar da ke zaune a ƙasanmu ce ta hango ni ina zazzage tukwanen. Ta ce a nan tumatir ba ya kwana a waje sai "Sofi mai sanyi" ta wuce. Ashe Jamusawa suna da wasu kwanaki, 11 zuwa 15 ga Mayu, da suke kira Eisheilige, wato waliyyan ƙanƙara, Sofi ce autarsu. Yadda manominmu ba ya yarda da ruwan farko ya zuba iri duka, haka su ma ba sa yarda da ranar Afrilu.

Abin da ya fi ba ni mamaki, daren da ke yin ɓarna shi ne wanda sama ta yi garau, taurari fal, babu iska. Ɗumin da ƙasa ta tara da rana ba shi da gajimaren da zai tare shi, kafin asuba raɓa ta daskare. Shukar tukunya kuwa ta fi ta gona shan wuya, tunda sanyi na ratsa saiwarta ta kowane gefe.

Yanzu bayan magariba sai na duba hasashen yanayi. In zai yi ƙasa da digiri 5, na ja tukwanen jikin bango, na ɗora su a kan katako, na lulluɓe da tsohon zane. Leda ba na bari ta taɓa ganye. Kuɓewa da attaruhu ba ma sa jure wannan, ciki suke kwana.

Daren jiya an ce digiri 2 za a yi. Tukwane goma sha ɗaya muka shigar ni da yarana muka jera a kicin, huɗu daga ciki ragowar irin Inna ne.