Abin da aikin duba mota ya koya mini game da ƙaramar mota mai giyar hannu

Yawancin masu kirana in raka su duba mota 'yan albashin wata ne: malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan ofis. Sana'ata kanikanci, a Kaduna nake, kuma in ka ɗebe gyara, wannan rakiyar ce ta fi cin lokacina. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, ta kuma zarce 1,000 kafin ƙarshen 2024, maganar masu saye ta sauya. A da mutum kan ce in nemo masa babba, wadda in ya shiga unguwa za a san ya iso. Yanzu cewa yake: "Injiniya, wadda ba ta shan mai, wadda ba za ta kwana a garejinka ba." Matasa kuma sukan ƙara da cewa suna son mai daɗin tuƙi, kuma ba na ɗaukar wannan a matsayin shirme. Wanda zai riƙe sitiyari safe da yamma, Litinin zuwa Juma'a, yana da haƙƙin ya ji daɗin abin da yake riƙe da shi.

Babban abin da na koya shi ne arha da daɗin tuƙi ba kishiyoyi ba ne. Galibi wuri ɗaya suke haɗuwa, a jikin mota marar nauyi mai sauƙin inji. Mutane na zaton daɗin a girman inji yake. A'a. Motar da nauyinta bai wuce tan ɗaya da ɗan kai ba, mai inji 1.4 ko 1.6 da giya biyar ta hannu, tana amsa ka nan take. Ka taɓa totur ta motsa, ka karya sitiyari ta bi, ka taka birki ta tsaya ba gardama. Rashin nauyin nan dai shi ne ke rage shan mai, ya rage cin taya da birki. Babbar mota mai silinda shida ba za ka san ƙarfinta ba sai a gudun da titunanmu ba su yarda da shi ba. Ƙaramar kuwa, ko tsakanin Kawo da Mando za ka ji tana wasa a hannunka.

Kafin in tambayi mutum nawa ke hannunsa, sai na tambaye shi wace hanya yake bi. Maigidan da na koyi aiki a wurinsa ne ya dasa mini wannan, Allah ya saka masa da alheri. Mai zuwa Zariya aiki daga Kaduna yana cin kusan kilomita 160 zuwa da dawowa. Idan motarsa na shan lita 7 a kilomita 100, kimanin lita 11 ke nan a rana. Idan mai shan lita 11 ce, ya doshi lita 18. A kwana 20 na aiki bambancin ya kusa lita 130, sai mutum ya buga da farashin yau ya ga rabon albashinsa nawa ne. Irin wannan mutumin giyar hannu ta dace da shi ƙwarai, don da ya saka ta biyar shi ke nan, ƙafar hagu ta huta. Amma wanda ke fitowa daga Mararaba ko Nyanya zuwa cikin Abuja, yana jan jiki cikin gosulo awa guda, gaskiya nake faɗa masa: kuloci zai gajiyar da gwiwarka, kai ma za ka gajiyar da shi. Idan akwai ciwon gwiwa, ko Hajiya ma za ta riƙa tuƙawa kuma otomatik ta saba da ita, to a zauna a yi shawara a gida tukuna.

Mai neman giyar hannu cikin motocin Turai zai fi samu, waɗanda muke kira Beljiyam ko 'yan Kwatano, domin a shekarun da aka ƙera motocin da kuɗinmu ke iya saye, yawancin ƙananan motocin Turai na hannu ne, na Amurka kuwa otomatik. Wannan na zuwa da abubuwa biyu da dole a duba. Na farko tsatsa, saboda gishirin da ake watsawa a titunansu lokacin ƙanƙara yana cin ƙarfe daga ƙasa. Ina durƙusawa in ƙwanƙwasa dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi da bakin ramin taya, kuma in na ga sabon baƙin fenti mai kauri a wurin, nan zan fi daɗewa. Na biyu, da yawa sun zo ba esi, kuma wanda aka ɗaura daga baya a kan inji 1.0 ko 1.2 yana kashe masa ƙarfi. A zafin Maris da Afrilu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Akwai kuma wadda aka juya wa sitiyari. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama tun 1972, don haka motar Ingila ko Japan mai sitiyari a dama sai an sauya mata, kuma aikin da na sha gani walda ce da ƙulle-ƙullen waya. Komai arharta, ba na sa hannu.

Golf 3 ita ce ta fara zuwa bakin kowa, musamman wagon. Volkswagen ta fito da ita a 1991, wagon ɗin ya biyo baya a 1993. Injinta 1.8 mai bawul takwas ba shi da wani ɓoyayyen sirri, kuma kayanta ko a Panteka ko a Ƙofar Ruwa ta Kano ba sai ka sha yawo ba. Ina ƙaunarta. Matsalar ita ce shekaru sun ja, kuma mafi yawan wagon ɗin da ke kasuwa sun yi haya tsakanin garuruwa, an loda musu fasinja da buhuna har baya ya zauna. Ana gane su: an ƙara wa sifirin na baya tsawo, daɓen but ya lotsa, hannun ƙofofin baya ya saki, kujerar direba ta zurma gefe guda. In ka samu wadda wani dattijo ya riƙe don kansa, ka riƙe ta da hannu biyu. Irin wannan ba ta kai wa wurin dillalai, a unguwa ake cinikinta.

Corolla ta Turai mai guntun baya, ƙirar 2002 zuwa 2007, ita nake nuna wa wanda ba ya son ganina sai ranar juyen baƙin mai. Injinta 1.4 ko 1.6 sarƙa yake amfani da ita maimakon bel ɗin taimin, wato an rage maka fargaba ɗaya. Tana da wagon ma. Matrix da Pontiac Vibe 'yan gida ɗaya ne da ita, domin Vibe sunan kawai na Amurka ne, injin 1.8 na Toyota ne a ciki, sai dai mai giyar hannu tana wuyar samu, kuma na farkon-farkon wasu na shan baƙin mai. Farashin Toyota ne kawai ke sa albashi ya yi tsaki. Honda Jazz ta farko, daga 2001, tankinta na ƙarƙashin kujerun gaba, shi ya sa cikinta ya fi yadda take a ido, kujerun baya kuma suna naɗewa har ka saka keken yaro a tsaye. Abin da mutane ba su sani ba, injinta mai silinda huɗu fulogi takwas gare shi, biyu a kowace silinda. Sau da yawa ana canza huɗun gaba a manta da na baya, motar ta riƙa shaƙewa, a yi ta zargin famfon mai.

Idan kuma daɗin tuƙi tsantsa ake magana, Ford Focus ta farko, 1998 zuwa 2004, ta sha gaban duk waɗannan a wurina. Ƙafafunta na baya kowace da 'yancinta, ba a haɗe suke da ƙarfe ɗaya ba kamar yawancin sa'o'inta, shi ya sa take kwanciya a kwana ba tare da baya ya yi tsalle ba. Ita ce ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1999. Tana da araha a nan saboda ba a rububinta, amma dalilin arahar shi ne kayanta ba ko'ina ba, kuma tana tsatsa. Peugeot 206 ma tana da daɗi a hannu, kuma mu 'yan Kaduna muna da tsohuwar zumunta da Peugeot tun da aka fara harhaɗa 504 a Kakuri a 1975, makanikanta ba sa wuyar samu. Sai dai ka tsaya a bayanta ka kalli tayoyin baya. Idan samansu ya karkata ciki, boris ɗin gatarin baya ya ci, kuma gyaran na iya cinye abin da ka rage a ciniki.

Duk da wannan jerin, darasin da ya fi tsada shi ne suna ba ya tuƙa mota. Wannan ɗin da ke gabanka ita za ka saya, da tarihinta. Saboda haka nake zuwa da sassafe, in ɗora hannu a kan bonet. In da ɗumi, an riga an tayar da ita kafin mu iso, sai in tambayi dalili, domin inji mai sanyi ba ya ƙarya: a nan hayaƙi mai shuɗi-shuɗi ke fita, a nan ƙarar sarƙa ke bayyana. In buɗe murfin baƙin mai in duba ko akwai farin kumfa mai kama da madara, alamar ruwa na haɗuwa da mai. Sannan kuloci. In ja hambirki, in saka giya ta uku, in saki ƙafa a hankali. Lafiyayyen kuloci zai kashe injin. Idan injin ya ci gaba da aiki, faranti ya cinye. A kan titi kuma in saka ta huɗu a ƙaramin gudu in danne totur. In ƙarar inji ta hau amma gudun bai ƙaru ba, magana ɗaya ce. In sauko daga ta uku zuwa ta biyu da ɗan sauri in saurara ko za ta yi gurnani, in ɗaga ƙafa daga totur in ga ko giya za ta fice da kanta. Kukan da ake ji a furi, wanda ke ɓacewa da an taka kuloci, daga cikin giyabos yake, kuma Jazz ta shahara da shi.

Wani malamin sakandare ya taɓa kai ni ganin wata Corolla, fenti na ƙyalli, ya riga ya ba ta zuciyarsa. Da aka kunna, fanka ta tashi tare da inji. Na ce masa, "Malam, an cire mata tamostat, an haɗa fanka kai tsaye." Ya ce ai dillali ya gaya masa gata aka yi mata saboda zafin ƙasarmu. Wannan al'ada ta yi yawa a garejojinmu, kuma tana ba ni takaici. An ƙera inji ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90. Tamostat ne ke riƙe shi a wannan zafin. Idan bai kai ba, biren bos, wato kwamfutar motar, na ɗauka har yanzu safiya ce, sai ya riƙa ƙara mai. Mafi muni, sau da yawa an yi hakan ne don a rufe wata cuta, lagireto ya toshe da tsatsar ruwan famfo ko gasket ya fara ƙonewa. Muka leƙa ƙasa, indomin salansa, wato abin da ke tace hayaƙi, ma an fasa an kwashe. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Injiniya, mu duba waccan mai tsohon fentin." Waccan ɗin ba a taɓa mata waya ko ɗaya ba, ita ya saya.

Giyar hannu na da ladar da ba a faɗa a wurin ciniki. Batir ya mutu, yara biyu su tura, ka saka ta biyu ta tashi. Canjin kuloci aiki ne da kowane gari ke da mai yinsa, ba kamar giyabos ɗin otomatik ba da in ya lalace galibi sai dai a sayo wani. Tana kuma da araha wajen saye, ko da yake ranar sayarwa ma haka za ta yi maka, a san da wannan. Amma tsawon ran kuloci a ƙafar direba yake. Masu ɗora ƙafa a kansa suna tafiya, da masu riƙe mota da shi a hawa maimakon birki, su ne ke dawo mini da wuri. Sai kuma masu sa mota a furi a gangare wai tsimin mai. A motar kafireto ta dā ana iya muhawara, amma a mai injekta, in ka bar ta cikin giya ka ɗaga ƙafa, biren bos yanke mai yake yi gaba ɗaya, a furi kuwa sai ya ba injin abin da zai riƙe kansa. Ka yi asarar mai, ka kuma bar wa birki dukkan nauyin.

Tsakanin mai guntun baya da wagon, iyali da kaya ne ke yanke hukunci. Mai niyyar mayar da motarsa ta gas ɗin CNG ya fi dacewa da wagon, don tukunyar na cinye but ɗin ƙaramar kusan duka. Wanda kuma wurin ajiye mota a ofishinsa ya matse, guntuwar ta fi masa.

Abin da nake roƙon kowa shi ne kada ya kai duk kuɗinsa wurin dillali. A tantance takardun kwastan kafin a biya ko kwabo. Sannan a bar wani abu a aljihu na makon farko: baƙin mai da filta, man giya, ruwan lagireto na gaske, da bel ɗin taimin in Golf ce ko Focus ko Peugeot, domin ba wanda ya san ranar da aka canza na ciki, kuma a yawancin injunan nan in ya tsinke bawul ne ke lanƙwashewa. Tayoyi ma a karanta lambobi huɗun da ke gefensu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekarar da aka yi su. Tayar da ta haura shekara shida, ko zanenta bai goge ba, ba na barin mai bin hanyar Zariya ya hau da ita.