Ƙannena, kada ku ajiye ragowar maganin maleriya

Duk wanda ya tashi a ƙasar nan ya san zazzaɓin damina, har sabo ya sa mun raina shi. Jiki ya yi zafi, gaɓoɓi su ɗauki ciwo, sai mutum ya ce "ɗan maleriya ne," ya leƙa kemis a haɗa masa. Ni ma haka na daɗe ina yi, kuma abin da ya jawo mini ne ya sa nake yi muku wannan magana.

Maganin da ake bayarwa yanzu, irin su Coartem, sau shida ake shan sa cikin kwana uku, safe da yamma, kuma an fi so a sha shi da abinci mai ɗan maiƙo ko madara. Ni kuwa da zarar na ji daɗin jikina sai in jefa sauran a aljihun tebur, a ganina tattali nake yi. Ashe ƙwayoyin cutar da suka rage a jini suna nan suna hayayyafa, bayan 'yan makonni zazzaɓin ya dawo sabo. Irin wannan shan na rabi da rabi yana cikin abin da ke koya wa ƙwayar taurin kai. Klorokwin da iyayenmu suka dogara da shi, sai da ta kai ƙwayar ta daina jin sa, Najeriya ta koma sabon magani a 2005.

Mafi muni, ragowar nan na ɓalla na ba 'yata ranar da jikinta ya yi zafi, ba gwaji, ba a duba nauyinta ba. Zafin ya sauka, muka saki jiki. Ba mu ankara ba sai tafin hannunta da cikin idonta suka yi fari fat, ta ƙi abinci, ta kwanta laƙwas ko kuka ba ta iya yi. Sai da aka yi mata ƙarin jini. Allah Ya sa da sauran kwana, amma a ɗakin da aka kwantar da ita na ga yaran da aka kawo suna jijjiga, wasu bayan an kwana ana yi musu hayaƙi a gida. Yaron da ya fara jijjiga, ko yake amai ba tsayawa, ko ya kasa kama nono, a saɓe shi a tafi. Addu'a a riƙa yin ta a hanya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa maleriya ta kashe mutum 597,000 a 2023, kusan kashi ɗaya cikin uku a Najeriya, kuma yawancinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ga gwajin nan na ɗigon jini a yatsa, minti 15 zuwa 20 ya fito. Ku yi shi kafin ku sayi komai, domin ba kowane zazzaɓi ne maleriya ba.

Sai gidan sauro. Macen sauron da ke ɗauke da cutar daga magariba zuwa asuba take cizo, maganin hayaƙi kuwa ba ya rufe mutum yadda gidan sauro ke yi. Na san da zafi, to a ɗaura shi a tsakar gida. Sabo a shanya shi a inuwa yini guda kafin a shiga, a cusa bakinsa ƙarƙashin katifa ko tabarma, in ya huje a ɗinke. Zuciyata na ɓaci in na ga an kewaye shukar tumatir da shi, yara na kwance a fili. Kududdufin ƙofar gida a cike shi da ƙasa, tsohuwar taya da gwangwani a kife su, tunda mako ɗaya zuwa biyu ya ishi ƙwan sauro ya zama mai cizo.

Masu zagayawa gida-gida da damina suna ba yara 'yan wata 3 zuwa shekara biyar maganin rigakafi duk wata, ku buɗe musu ƙofa, kuma na kwana biyun da suke bar wa uwa a tabbata an ba yaro. Mai ciki ta je awo, daga wata na huɗu a fara ba ta Fansidar. Allurar rigakafin maleriya ma an fara ta a Kebbi da Bayelsa a Disamban 2024. Ku tambaya a asibitin shan magani na unguwarku ko ta iso, in ta iso ku kai yaran su cika alluransu.