Filashin ceto ya tashi, amma bai ga SSD ba

Jama'a, kwana uku ke nan ina fama da matsala guda, sai daren jiya ta warware, kuma wallahi na ji daɗi ba kaɗan ba. Bari in rubuta tun da zafinta, domin duk mai laftof ta hannu da ke ɗauke da Intel na ƙarni na 11 zuwa sama zai iya faɗawa wannan ramin.

Laftof ɗin tana da faifan ajiya na SSD, nau'in NVMe, mai 512 GB, da Windows 11. Akwai filashin ceto, wato filashin da ake tayar da kwamfuta da shi in Windows ta ƙi tashi, da na haɗa da manhajar recoverydrive ta Windows, akwai kuma hoton tsarin gaba ɗaya, wato kwafin Windows da duk abin da ke faifanta, a rumbun waje. A ido dai shiri ya kammala. Sai sabon BIOS, manhajar da ke fara tayar da kwamfuta kafin Windows, ya shigo cikin jerin sabuntawa, kwamfuta ta sake tashi, ta cije a shuɗin allo: INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE. Na sa filashi, ya tashi lafiya lau. System Image Recovery ya ga hoton a rumbun waje, amma da aka zo mayarwa ya ce babu faifan da zai zuba shi a kai, ya ba da lamba 0x80042412.

Nan ne mutum ke yanke hukuncin cewa SSD ya mutu, ya nufi kasuwa. Kada ku yi gaggawa. Ku buɗe Command Prompt a cikin filashin, ku rubuta diskpart, sannan list disk. Ni faifai biyu kawai na gani, filashi da rumbun waje. Amma a cikin BIOS ga SSD nan da sunansa da girmansa, sai dai ya koma ƙarƙashin shafin Intel Rapid Storage. Abin da ya faru shi ne, wanda ya fara zuba Windows a kwamfutar ya kashe VMD, wani saitin Intel a BIOS da ke ɓoye SSD ga duk tsarin da ba shi da direbansa (manhajar da ke sarrafa shi), don faifan ya bayyana masa, kamar yadda masu gyara da yawa ke yi. Sabon BIOS ya mayar da duk saituna yadda suka fito daga masana'anta, VMD ya dawo a kunne. Windows ba ta da direbansa, filashin da aka haifa daga cikinta ma ba shi da shi. Makaho ne ya ja makaho.

Gyaran gaggawa minti biyu ne: a kashe VMD a BIOS, Windows ta tashi. Kafin ta tashi ta nemi makullin BitLocker, tsarin Windows na kulle faifai, mai lamba 48, wanda ke ajiye a asusun Microsoft. Wanda bai san inda nasa yake ba ya tsaya da karatun nan, ya buɗe Command Prompt a matsayin admin, ya rubuta manage-bde -protectors -get C: ya kwafe shi a takarda da biro.

Amma ban gamsu da wannan ba. Filashin ceton da saiti guda a BIOS zai makantar da shi ba abin dogaro ba ne, kuma a nan kwanakin suka tafi.

Na fara da pnputil /export-driver * D:\Direbobi ina zaton direban yana ciki. Babu shi, kuma dole ne ya zama babu, tunda Windows ɗin ba ta taɓa ganin VMD a kunne ba. Wannan ya ci mini yamma guda ina bin folda ɗaya bayan ɗaya, abin haushi. Fayil ɗin da ake nema sunansa iaStorVD.inf. Ana samunsa a shafin kamfanin laftof ɗin ƙarƙashin direbobin ajiya, ko a cikin SetupRST.exe na Intel. Shi wannan ba girka shi za a yi ba, fasa shi za a yi da SetupRST.exe -extractdrivers sai sunan folda. A kwashe foldar VMD gaba ɗayanta, da fayilolin sys da cat da ke tare da inf ɗin. Inf shi kaɗai ba ya aiki.

Gwaji na farko a cikin filashin, VMD a kunne: drvload E:\VMD\iaStorVD.inf sannan diskpart, rescan, list disk. Faifai na uku ya fito. Na daɗe ina kallon layin nan! Sai dai drvload a cikin RAM yake zama, da an kashe kwamfuta ya tafi. Don ya zauna dindindin, sai an cusa direban cikin boot.wim, fayil ɗin da filashin ke tashi da shi, da ke foldar sources ta filashin. A kwafo boot.wim zuwa C:\aiki a kwamfuta tukuna, domin aiki kai tsaye a kan filashi jan ƙafa ne, a buɗe folda marar komai mai suna C:\mnt sannan:

dism /Mount-Image /ImageFile:C:\aiki\boot.wim /Index:1 /MountDir:C:\mnt
dism /Image:C:\mnt /Add-Driver /Driver:D:\VMD /Recurse
dism /Unmount-Image /MountDir:C:\mnt /Commit

Umarni na uku ya ƙi mini sau biyu. Dalili kuwa tagar File Explorer ce da na bari a buɗe a cikin C:\mnt tana riƙe da fayiloli. A rufe duk tagogi kafin a yi Commit, bayan ya gama a mayar da boot.wim kan filashin. In an riga an yi ɓarna, dism /Cleanup-Mountpoints zai share ragowar, a sake daga kwafi mai tsabta. Mai amfani da filashin girka Windows kuma ya lura, boot.wim ɗinsa index, wato ɓangarori, biyu gare shi, sai ya sa direban a duka biyun.

Ko bayan filashi ya ga faifan, da sauran rina a kaba. Hoton da aka ɗauka VMD yana kashe ba shi da direban a cikinsa, don haka ko an mayar da shi, shuɗin allon nan zai dawo. Maganinsa daga cikin filashin ne: a duba harafin da ɓangaren Windows ya samu, domin ba lallai ya zama C ba, a buɗe shi da manage-bde -unlock idan a kulle yake, sannan dism /Image:C:\ /Add-Driver /Driver:E:\VMD /Recurse. Da na yi haka, kwamfutar ta tashi da VMD a kunne. Na bar ta a haka, tunda can BIOS zai riƙa mayar da ita duk lokacin da ya koma saitin asali.

Abin da ya taɓa aljihu: filashi mai rubutun 64 GB da na saya don wannan aiki jabu ne. recoverydrive ya gama ba tare da ƙorafi ba, amma boot.wim ya lalace. H2testw, manhajar gwada filashi, ya tona asirinsa, ainihin cikinsa bai kai 8 GB ba. Kuɗin ya tafi, ga kuma data fiye da 5 GB da na ƙona wajen sauko da ISO, fayil ɗin girka Windows, ina zaton laifin daga fayiloli ne. Filashi na gaske mai 32 GB ya wadatar, amma a gwada shi kafin a ɗora masa amana.

Yanzu kafin kowace babbar sabuntawa ina ɗaukar hotunan shafukan BIOS da waya, in dakatar da BitLocker da manage-bde -protectors -disable C: -RebootCount 1, in ɗauki hoton tsarin da wbadmin start backup -backupTarget:E: -allCritical. Rumbun ya zama NTFS, exFAT ba zai karɓu ba. Sabon hoto yana hawa kan tsohon a cikin WindowsImageBackup, shi ya sa nake sauya wa tsohuwar foldar suna in ƙara kwanan wata, in mayar da sunan asali ranar da zan buƙace ta. Hoton kansa ba a kulle yake ba ko da BitLocker na aiki a kwamfutar, saboda haka rumbun ba na ba da aro ba ne. Kada kuma a jingina da komawa baya ta Windows.old, foldar da tsohuwar Windows ke zama bayan sabuntawa, kwana 10 kacal take bayarwa sai dai an tsawaita da DISM, iyakarta 60. Faifan DVD na masana'anta kuwa, ga masu tsofaffin laftof, ranar da aka sayi kwamfutar zai mayar da ita, ya share komai.

Saura gwaji ɗaya: mayar da sabon hoton a kan wani SSD daban, daga farko har ƙarshe. Wanda ke hannuna 256 GB ne, kuma hoton faifai mai 512 ba zai shiga cikinsa ba ko da rabinsa fanko ne, sai an rage girman C kafin a ɗauki hoton. Disk Management ya tsaya a 290 GB saboda fayilolin da ba sa motsi. Gobe in Allah ya kai mu zan kashe hibernation da pagefile da System Protection, in ga ko zai sauko ƙasa da 230.